Ina ake yanka dogayen kalmomin Holanci, kuma yaya ake furta su?

Sabon Ɗalibi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka san yaren mutanen Holan da arewacin Beljiyam, wanda su suke kira Nederlands. Ina shirin jarrabawar baƙin da suka zo zama a Holan, wadda ake kira inburgeringsexamen, mai ɓangaren karatu da na magana. Gajerun kalmomi ba sa ba ni wahala, amma da na ci karo da doguwa irin verblijfsvergunning ko zorgverzekering sai in rasa inda gaɓa take ƙarewa da inda wata take farawa. Shin akwai ƙa'idar yankawa, ko kowace kalma haddace ta ake yi? Sannan me ya sa a voetbal nake jin d a wurin t, a handdoek kuma d ɗaya kawai nake ji alhali biyu aka rubuta? Da wannan s ko en da suke cusawa a tsakiyar kalma, furta su ake yi ko a'a? Allah ya saka da alheri.

Malam Nahawu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ƙa'ida tana nan, kuma ba ta da yawa, sai dai tana da na farko da na biyu. Inda masu koyo suke ɓata shi ne su fara ƙirga wasula da baƙaƙe tun daga harafin farko. Harɗaɗɗiyar kalma, wadda suke kira samenstelling, ba a yanka ta gaɓa-gaɓa sai an fara raba ta kalma-kalma. Mahaɗar kalmomin ita ce sarauniya, duk sauran ƙa'idoji a cikin kowane yanki suke aiki, ba sa tsallake mahaɗa.

Ka fara nema daga ƙarshe, domin a Holanci kalmar ƙarshe ita ce uwa. Mu muna cewa ƙofar gida, abin da ake magana a kai yana gaba. Su suna cewa huisdeur, gida tukuna sannan ƙofa. Ta ƙarshen ce take faɗa maka mene ne abin, ita ce kuma take zaɓar de ko het, wato the ɗinsu irin na Turanci: het huis da de deur sun ba da de huisdeur, de fiets (keke) da het pad (turba) sun ba da het fietspad. To ɗauki verblijfsvergunning. Ka sa yatsa ka rufe farkonta, ka riƙa ja baya har ka ga cikakkiyar kalmar da ka sani: vergunning, wato izini. Abin da ya rage verblijfs ne, wato verblijf, zama a wuri, da s ta haɗi. Wannan s kullum yankin farko take bi, ba na biyu ba. Yanzu ne za ka yanka kowane yanki: ver-blijfs-ver-gun-ning.

A cikin yanki ɗaya ga yadda abin yake. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin wasalin gaba: ka-mer, bo-men, ma-nen. Gaɓar da ta ƙare da wasali buɗaɗɗiya ce, kuma a, o, u ɗinta dogaye ne ko da ɗaya aka rubuta. Gaɓar da ta ƙare da baƙi rufaffiya ce, wasalinta gajere ne sai in an ninka shi. Shi ya sa man (namiji) jam'insa mannen, maan (wata) jam'insa manen. Bom (bam) ya zama bommen, boom (bishiya) ta zama bomen. Baƙi biyu, a raba su: wer-ken, kas-teel, mees-ter. Uku ko fiye, gaɓar gaba ta kwashi iyakar abin da zai iya fara kalmar Holanci: ven-ster, ern-stig, amma amb-te-naar, don babu kalmar da take farawa da bt. Shi kuwa ch sauti ɗaya ne, ba a raba shi, ana yanka la-chen, amma ka lura a ɗin nan gajere ne duk da gaɓar ta yi kama da buɗaɗɗiya, saboda ba a ninka ch a rubutu.

Yanzu ka ga abin da yake faruwa in ka yi na biyu kafin na farko. Pinautomaat, na'urar biyan kuɗi ko cire kuɗi da kati. In ka bi ƙa'idar baƙi ɗaya ya bi wasalin gaba, za ka ce pi-nau-to-maat, ka ja i, n ta gudu daga gidanta. Daidai shi ne pin-au-to-maat. Haka lasapparaat, injin walda, las-ap-pa-raat ne da gajeren a, ba la-sap ba. Wegomlegging, wanda za ka gani a allon hanya in an karkatar da motoci, weg-om-leg-ging ne. Pakezel, jakin kaya, pak-ezel. A duk waɗannan, kuskuren yanka yana sauya tsawon wasali, kuma tsawon wasali a Holanci yana sauya ma'ana kamar yadda yake yi a Hausa.

Akwai alamomin da suke tona mahaɗa ko da ba ka san kalmar ba, kuma a ganina su ne mafi amfani a ɗakin jarrabawa. In ka ga aa, oo ko uu, baƙi ɗaya ya biyo, sannan wasali, to kusan tabbas akwai mahaɗa bayan baƙin, domin kalma tilo ba ta rubutuwa haka: schoolarts, school-arts, likitan makaranta, broodoven, brood-oven, tandar burodi. Ban sa ee a ciki ba da gangan, don ana rubuta ee a ƙarshen kalma, saboda haka mahaɗar tana iya zuwa daidai bayansa, kamar zee-man da thee-le-pel. Alama ta biyu h ce. In h ta biyo bayan baƙin da ba c ba, yanka kafin h: stad-huis, huis-hou-den, op-ha-len. Kada Turanci ya ruɗe ka ka karanta ph a matsayin f ko sh a matsayin sh ɗinmu. Filin jirgin saman Amsterdam Schip-hol ne, p daban h daban. Waɗanda suka kauce kaɗan ne, irin thee, thuis, apotheek, inda h ba ta fita. Ta uku, v da z ba sa rufe kalmar Holanci ta asali, f da s ake rubutawa a ƙarshe, don haka duk inda ka gan su, gaɓa suke buɗewa: zorg-ver-ze-ke-ring, slaap-zak.

Ga guda da take kama kowa: watersnoodramp, sunan da suke kiran ambaliyar daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu 1953, wadda ta ci lardin Zeeland na Holan da maƙwabtansa. Ido yana son ya ga snood a ciki, yana kuma son ya ga dramp. Kalmomin su ne water, da s ta haɗi, da nood (masifa), da ramp (bala'i): wa-ters-nood-ramp.

Wasu kuma hanya biyu suke yankuwa, duka daidai, sai jimla ta raba gardama. Dijkramp, ko dijk-ramp, bala'in fashewar madatsar ruwa, ko dij-kramp, ɗaurewar jijiyar cinya. Valkuil, ko val-kuil, ramin tarko, ko valk-uil, wani nau'in mujiya. Massagebed, ko massage-bed, gadon tausa, ko massa-gebed, addu'ar taron jama'a. A wannan ta ƙarshe har sautin g ɗin ba ɗaya ba ne, na farko irin na Faransanci ne, na biyu na maƙogwaro.

Hajiya Tafinta:

Malam ya gama da ido, bari in ɗauki kunne, don tambayar voetbal da handdoek a nan take.

Ƙanena, abu na farko: kowane yanki ana furta ƙarshensa kamar ƙarshen kalma mai zaman kanta. A Holanci kuwa baƙi mai ziza, wato wanda maƙogwaro yake kaɗawa in ana furta shi, yana rasa zizarsa a ƙarshe, d ta koma t, b ta koma p. Hond (kare) hont ake cewa, sai a jam'i honden d ɗin ta dawo. Saboda haka broodoven ɗin da Malam ya kawo broot-oven ne a baki, handarbeid hant-arbeit, noodramp noot-ramp. In ka ce broo-doven, ba wai lafazinka ne ya yi baƙunta kawai ba, mai sauraro zai nemi kalmar doven a ciki, ita kuwa ma'anarta daban.

Abu na biyu naso ne, kuma Bahaushe ya san shi. Muna rubuta gidan Bala mu ce gidam Bala ba tare da mun lura ba. Su ma haka: aanpak ana cewa aampak, inburgering imburgering, inkomen kuma n ɗinsa irin ta gidan kara ce. Na ziza kuwa hanya biyu yake bi, ya danganta da baƙin da ya fara yanki na biyu. In b ne ko d, shi yake rinjaye, ya mayar da na gabansa mai ziza. Shi ya sa voetbal ta zama vudbal, ka tuna oe ɗinsu u ɗinmu ne. Huisdeur s ɗinta ta koma z. Zakdoek (hankici) kuma zagduk, da g irin ta gida, sautin da Holanci ba shi da harafinsa sai a irin wannan wuri da kalmomin aro. In kuwa v, z ko g ne suka fara yanki na biyu bayan baƙi irin p, t, k, f ko s, su ake rinjaya, su rasa ziza: slaapzak ta zama slaapsak, opvallen opfallen, verblijfsvergunning ɗinka kuma tsakiyarta blijfs-fer ake ji.

Handdoek (tawul) abu uku ta haɗa. Hand ta zama hant, d ta doek ta mayar da t ɗin d, sai d biyu suka haɗu, suka narke suka zama ɗaya: handuk. Nan ne nake son kowane Bahaushe ya tsaya ya yi tunani, domin kuskurenmu ne na musamman. Mu baƙi biyu shadda ne, baba daban babba daban, daba daban dabba daban. Holanci ba shi da shadda ko kaɗan. Ninka baƙi a mannen, bommen, vergunning, saƙo ne kawai cewa wasalin baya gajere ne, n ɗaya ko m ɗaya za ka furta. A mahaɗa ma hakan: oppassen p ɗaya, kerkklok k ɗaya a tsakiya, achttien t ɗaya. In ka danna shadda, Baholande zai gane ka, amma maganarka za ta yi nauyi, kuma a ɓangaren magana na jarrabawa ana sauraron lafazi.

Sai t mai faɗuwa. In ta matse tsakanin baƙaƙe biyu, musamman bayan s, f ko ch, sau da yawa ba a jin ta: postzegel (kan sarki) posseegel, da s ɗaya, kerstboom kersboom, s ɗin ma ta koma z saboda b, hoofdpijn hoofpijn. Angstschreeuw, ihun tsoro, tana da haruffan baƙi 8 a jere, amma ng sauti ɗaya ne, ch ɗaya, t ta faɗi, s biyu sun narke. Abin da ya rage a baki bai kai abin da ido yake tsoro ba.

Babbar matsalarmu ita ce cusa wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu, shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi, direba, burki. Wannan ɗabi'ar tana mayar da straat sitirat, gaɓa ɗaya ta koma uku, sai stationsstraat ta wargaje. Maganinsa ginawa daga baya: ka ce raat, sannan traat, sannan ka ja sss kamar huci, ka faɗa kan traat ba tare da buɗe baki a tsakani ba. Haka school: ool, sannan chool da ch irin kha na Larabci, sannan sss a gaba. Wanda ya yi karatun allo ya riga ya mallaki wannan sauti, kha da gain su ne mafi kusa da ch da g. A Amsterdam, Rotterdam da arewa g ɗin yana da kaushi, a Brabant, Limburg da Beljiyam yana da laushi, duka karɓaɓɓu ne. Wuri ɗaya ne aka yarda ka cusa ɗan wasali: tsakanin l ko r da baƙi irin k, p, m, f a ƙarshen gaɓa. Za ka ji melk kamar melek, kerk kerek, arm arem. Amma ba a mahaɗa ba, balpen ba ta zama balepen.

Ka kuma kula da ng. A zingen da koningin sauti ɗaya ne na hanci, babu g. A ongeluk, ingang, aangifte, akwai mahaɗa tsakanin n da g, saboda haka g na maƙogwaro yana fita sarai: on-ge-luk.

Game da en ta tsakiya, a yawancin Holan n ɗin ba ta fita, wasalin kuma raunana ne: ziekenhuis zieke-huis, boekenkast boeke-kast, pannenkoek panne-koek. Ita s ana furta ta. Magudanan ruwan Amsterdam guda uku sun isa darasi: Heren-gracht, Keizers-gracht, Prinsen-gracht. Aikin waɗannan haruffa yana kama da na -n da -r ɗinmu a gidan sarki da rigar sarki, bambancin dai su ba kowace kalma take ɗauka ba.

Sabon Ɗalibi:

Na gode Malam, na gode Hajiya, an warware min da yawa. Amma Hajiya, in ƙarshen yanki na farko yana komawa t, me ya sa nake jin tandarts da aardappel da d sosai, kamar tan-darts? Sannan littafina ya yanka inburgeringsexamen a ƙarshen layi ya bar exa a haɗe, ni kuwa ina jin e daban, xa daban. Kuma yaushe ake sa karan ɗori, yaushe ake sa ɗigo biyu a kan wasali?

Mai Gyaran Rubutu:

Kunnenka bai yi ƙarya ba, ɗan'uwa. Abin da ya kamata ka raba shi ne gaɓar baki da yankan ƙarshen layi, wanda suke kira afbreken. Sau da yawa suna dacewa, amma ba abu ɗaya ba ne.

Tandarts (likitan haƙori) da aardappel (dankali) kalmomi ne da suka daɗe a bakin mutane har mahaɗarsu ta shafe, mai magana ba ya jin tand da arts ko aard da appel a ciki. Don haka a baki tan-darts da aar-dappel, da d. A rubutu kuwa mahaɗar tana nan daram: tand-arts, aard-ap-pel. Daarom da waarom ma haka, baki yana cewa daa-rom, alƙalami yana yanka daar-om. Irin waɗannan kaɗan ne, haddace su ake yi, kada ka mayar da su ƙa'ida. Huisarts tana tsaka-tsaki, da yawa suna sa wa s ɗinta ziza.

Ƙa'idojin rubutu kuwa ba ra'ayin malamai ba ne. Hukumar Taalunie, wadda Holan da Beljiyam suka kafa a 1980, Suriname ta shiga a 2004, ita take kula da jerin kalmomi na hukuma da ake kira Groene Boekje saboda koren bangonsa. Ya fara fitowa a 1954, an sabunta shi a 1995, 2005 da 2015. Yana intanet kyauta a woordenlijst.org, kuma yana nuna wuraren yankan kowace kalma. In kana shakka, can za ka duba kafin ka yarda da kwamfuta, domin manhajar rubutu ba ta san ko valkuil ɗinka rami ne ko mujiya ba, kuma in ba ka saita harshen takardar zuwa Nederlands ba, da ƙa'idar Turanci za ta yanka maka.

Exa ɗin da ka gani ƙa'ida biyu ce ta haɗu a kai. Ba a yankawa gaba ko bayan x in tana tsakanin wasula, don harafi ɗaya ne mai sauti biyu, k da s. Sannan ba a barin wasali ɗaya tilo a ƙarshe ko farkon layi, ko da a cikin yankin harɗaɗɗiyar kalma ne. April gaɓa biyu ce amma ba a raba ta. Saboda haka a baki jarrabawarka gaɓa 7 ce, a takarda wurin yanka 5 ne: in-bur-ge-rings-exa-men. Shi kuma ng, duk da sauti ɗaya ne kamar yadda Hajiya ta ce, ana raba shi a rubutu: zin-gen, ko-nin-gin. Ɗafa-ƙeyar -achtig ana ɗaukar ta kamar kalma mai zaman kanta, rood-ach-tig, kuma a baki ma root ne da t. Kalmomin ƙanƙantarwa suna komawa asalinsu in an yanka: autootje ta zama auto-tje, opaatje opa-tje.

Karan ɗori na mahaɗa ne, ɗigo biyu na cikin kalma ne. In wasalin ƙarshen yanki na farko da na farkon yanki na biyu za su haɗu su yi kama da sauti ɗaya, irin aa, ee, oo, oe, ou, ei, ie, ij, dole a sa kara: auto-ongeluk, astma-aanval, zee-egel, radio-uitzending, zo-even, mini-jurk. Suna kiran wannan klinkerbotsing, karon wasula. In haɗuwar ba ta ba da wani sautin Holanci ba, a liƙe ake rubutawa, kai ne za ka gano mahaɗar da kanka: politieagent, koffieautomaat, zeearend, slaolie. A duk irin waɗannan wurare hamzar da muke da ita a sa'a da jami'a tana taimako, ɗan tsayawar nan kafin wasali na biyu yana fito da mahaɗar. Ɗigo biyu kuwa a kalmar da ba harɗaɗɗiya ba suke, suna cewa sabuwar gaɓa ta fara nan: België, ideeën, coördinatie, beëindigen. In yankan layi ya faɗo daidai wurin, ɗigon ya tafi: be-eindigen. Lambobi ne suka kauce, suna riƙe ɗigo duk da harɗaɗɗu ne: tweeëntwintig, drieëndertig. Kafin 1995 har su zeeëgel da ɗigo ake rubuta su, don haka in ka gani a tsohon littafi ba kuskure ba ne. An kuma yarda marubuci ya sa kara don kawar da ruɗu, ya rubuta massa-gebed ko bom-melding.

A gyaran 1995 ne kuma pannekoek ta zama pannenkoek. Ƙa'idar yanzu: in yankin farko suna ne da jam'insa -en ne kaɗai, a rubuta en, kamar boekenkast, kippensoep. In yana da jam'i biyu, kamar groente mai groenten da groentes, a bar n: groentesoep. Abin da ɗaya ne tak a duniya ba ya ɗaukar n: zonnebloem, maneschijn. Paardebloem ta zama paardenbloem a 2005. Duk wannan rigimar rubutu ce, furuci bai sauya ba. Ga s kuwa, in yanki na biyu da s ya fara har ba ka iya jin ko akwai ta haɗi, ka gwada da wata kalma: tunda ana cewa stationsplein da dorpsplein, to stationsstraat da dorpsstraat s biyu ne.

Kada kuma ka raba su da fili irin na Turanci. Rodewijnglazen kofunan jan giya ne, rode wijnglazen jajayen kofunan giya. Langeafstandsloper mai tseren dogon zango ne, in ka raba lange, dogon mutum ka ce.

Malam Nahawu:

Hajiya, ina tare da ke a duka, sai dai a batun faɗuwar t zan ja hankalin ɗalibinmu. Ya san da ita don ya gane abin da ake faɗa masa, amma a nasa bakin kada ya fara da zubarwa. Postzegel da t ba laifi ba ne, magana ce ta natsuwa. In sauri ya zo, t ɗin da kanta za ta faɗi a inda ya dace. Wanda ya fara da zubarwa yakan zubar da ita har a inda take ɗauke da nahawu, kamar hij werkt, wannan kuwa kuskure ne da ake ƙirgawa.

Saura nauyin murya, wanda suke kira klemtoon. Mu karin sauti muke da shi, hawa da sauka, kuma muna ba kowace gaɓa haƙƙinta. Su gaɓa ɗaya suke dannawa, ta fi tsawo da ƙarfi, sauran su raunana. A harɗaɗɗen suna nauyin yana kan yankin farko: HUISdeur, VOETbal, ZIEkenhuis, ZORGverzekering. In yankin farko ya fara da be-, ge-, ver- ko ont-, nauyin ya tsallake su: verBLIJFSvergunning, geBOORtedatum. Da wannan ake bambanta KLEINkind, jika, da klein KIND, ƙaramin yaro. Masu kaucewa suna nan, kuma na yau da kullum ne: stadHUIS, burgeMEESter, hoogLEraar, AmsterDAM, RotterDAM. Ka kuma raunana -lijk da -ig, ij ɗin -lijk ba irin na blijf ba ne, kusan luk ake ji.

A fi'ilai abin ya wuce lafazi, ya shiga ma'ana. VOORkomen faruwa ne, voorKOmen hanawa. ONdergaan faɗuwar rana, onderGAAN a yi wa mutum abu, kamar tiyata. Wanda za ka gani a wasiƙun ofis shi ne overleggen. In an rubuta cewa sai ka overleggen kwafin fasfo, Overleggen ne da nauyi a farko, wato ka gabatar da takarda. OverLEGgen kuwa shawara ce da wani. Mai nauyi a farko yana rabuwa a jimla kuma yana ɗaukar ge a tsakiya: ik leg het over, ik heb het overgelegd. Mai nauyi a saiwa ba ya rabuwa, ba ya ɗaukar ge: ik overleg met hem, ik heb overlegd. In marubuci ya ji tsoron ruɗu yakan sa alama, vóórkomen ko voorkómen.

Ka gwada hannunka da arbeidsongeschiktheidsverzekering, haruffa 33, inshorar wanda ya kasa aiki saboda rashin lafiya. Daga ƙarshe: verzekering. Kafin ta s ta haɗi. Sannan ongeschiktheid, inda h bayan t ta nuna maka -heid, ng kuma yana da mahaɗa bayan on. Wata s, sannan arbeid. Gaɓa 10 ke nan: ar-beids-on-ge-schikt-heids-ver-ze-ke-ring. A baki d biyun nan t ne, v ɗin ver kuma f ce saboda s ɗin da ta gabace ta. Ka yi irin wannan da fensir a kan duk wasiƙar da ta zo maka, ka ja layi a mahaɗa kafin ka buɗe baki, sannan ka duba amsarka a jerin kalmomin da Mai Gyaran Rubutu ya ambata.